Abin da Yatsa Ya Ji

Mun kashe injin ran Talata,
sai Laraba da hantsi ya yarda a taɓa shi.
Ƙusoshi saba'in da biyu muka kwance,
ƙugiya ta ɗaga murfi,
ga fikafikan ƙarfe a jere, sun yi da'ira,
kowane da ɗan karkacewarsa
kamar ganyen giginya da iska ta murɗa.

Na zaro ɗaya. Bai fi tafin hannuna ba.
Ido ya ce lafiya lau.
Na shafa da babban yatsa,
yatsa ya ce, ƙarya kake.

Ubana Tsahiru majemi ne.
A gindin duwatsun Birni ya tsufa,
cikin warin bagaruwa da toka,
bai taɓa sayen fata da ido ba.
Yakan kau da kai, ya dubi bango,
ya bi kirgin akuya daga wuya har gindin wutsiya,
ya ce, nan ƙaya ta karce ta tana ƙarama.
Ban gaji jima ba. Yatsan na gada.

Iskar da ke fitowa ɗakin wuta,
tagulla ma ba ta jure mata.
Amma in fiffike na da santsi
sai wata siririyar iska ta kwanta masa a jiki,
ba ta kai kaurin ɓawon albasa ba,
ta lafe, ta yi shiru,
ta shiga tsakanin wuta da ƙarfe
kamar dattijo tsakanin masu faɗa.

To, ga tokar mai ta manne.
Ga tsabar yashi da ta tsallake rariya
tana sara, dare da rana, wata goma sha huɗu.
Tuddai suka tsiro, waɗanda ƙuda ma ba zai lura ba.
Siririyar nan ta yi tuntuɓe, ta yage,
ta watse 'yan guguwa dubu,
kowace na ɗebo wuta a bakin zane
tana juye wa ƙarfe a ƙirji.

Ga kuma gogayya.
Injin na shan mai kamar jiya,
abin da yake bayarwa bai kai na jiya ba.
Allura ta ja da baya kaɗan, kaɗan ƙwarai,
can Garin Malam ƙanƙarar Gambo ta koma ruwa
tun kafin masu saye su taso daga Kasuwar Dole.

Injiniya Barira ta miƙo min wani tsohon fiffike
da aka tsaga gida biyu, kamar goro.
Ta ce, shafa cikin.
Hanyoyi ne ƙanana, duk an yi musu kunya-kunya
kamar gonar dankali.
Na ce, wannan ma ya lalace.
Ta yi dariya har hular kwanonta ta zame.
Da gangan ne, in ji ta.
Iskar sanyi ke bi ta nan.
In hanya sumul take, sai ta wuce
kamar baƙon da ya yi sallama bai zauna ba.
Sai an sa mata tuntuɓe take tsayawa,
ta zagaya, ta gaisa da bango,
ta ɗauki zafin ta fita da shi.

Na tsaya riƙe da ɓari biyu.
Kaushi ɗaya ne, uwa ɗaya.
Na waje muke kankarewa da gumi,
na ciki kuɗi aka biya aka sassaƙa.

Na'urar awo ta iso bayan azahar,
ta ja ɗan tsinkenta bisa ƙarfe, ta yi tunani,
ta rubuta lambar da yatsa ya riga ya faɗa.
Na sa hannu a takarda.

Da magariba na bi ta Zango, na sayo masa tsire.
Ya karɓi hannuna kafin ya karɓi ƙunshin.
Tafinsa kamar bayan tukunya,
tafin da ya yi shekara hamsin yana tausasa fata.
Ya dubi bango,
ya murza babban yatsana a hankali, ya ce,
Laminu, yau me ka taɓa?