Sallama Daga Nesa

Ƙarfe uku na dare a Porto.
Ondina na zaune, safa ɗaya a ƙafa,
kofi ya huce a gefen madannai.
Na'urar na can Luleå, cikin dusar ƙanƙara,
a ɗakin da ba ta taɓa takawa ba.

Kashe manhaja ba wuya, layi ɗaya ne.
Haka Valdemar ya yi bara,
tikitin jirgin ƙasa ɗari biyu suka salwanta,
rabi a rubuce, rabi a iska.
Har yau ba ya son zancen.

Ita sallama take aikawa:
rufe ƙofa, kar ki karɓi sabon baƙo,
na ciki kuwa ki biya masa buƙata.
Saura bakwai. Saura uku.
Wata a Braga na laluben katinta,
Ondina ta jira ta,
gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido.

Saura ɗaya. Babu kowa.
Manhajar ta rubuta layinta na ƙarshe,
ta saki abin da ta riƙe, ta kwanta.

Daƙiƙa tara, ba motsi sai gurnanin firji.
Ta buga umarnin tashi.
"Na shirya," in ji allo, da koren rubutu.
Ta sunkuya neman ɗayar safar.