Ma'aunin Bango

A bangon ɗakina akwai zane huɗu na gawayi.
Na ƙasa, shekarar da na zo Nima, iya ƙauri.
Na biyu, gwiwa.
Na uku ya taɓa kafaɗar Awudu yana ɗan bakwai.
Na bana kuwa sai da na taka kujera na ja shi.

Bayan isha'i ya zo, ba sallama.
Babbar kwata ta amayo duk abin da Akara ta ɗura mata:
ledar ruwa, ɓawon kwakwa, tsohuwar taya,
takalmi wari guda,
da firjin wani bawan Allah
yana tafe a kife kamar makara.
Keken ɗinkina ya kwana a laka
da ankon biki na mutum goma sha biyu,
kuɗinsu kuwa na riga na ci.

Rana ta uku suka iso,
mota da jiniya, riguna masu ƙyalli,
da littafi mai baƙin bango.
"Ina mai gida?"
Mai gida yana Tema, a bene, ƙafarsa a bushe.
Aka kira shi, ya zo, ya sa hannu.
Katifa, bokiti, buhun shinkafa
suka bi shi bayan mota.
Mu tara ne 'yan haya,
littafin ba shi da layinmu.
Na ce wa yaron mai biro:
ruwan nan da zai shigo bai tambaye ni rasit ba.
Ya sunkuyar da kai. Ba shi ya ja layukan ba.

Suka dawo da jan fenti.
Shagon Tanko mai gyaran rediyo: a tashi, kwana uku.
Gidan man da ya zauna wa ruwa a maƙogwaro can sama,
kafin a kai gare shi, wai fenti ya ƙare.

Amma akwai wani littafin.
Na Lamisi mai koko, na adashi ne,
gefensa duk tabon manja.
A bayan lissafi ta rubuta:
Baba Iddi ba ya ji, sai an buga masa taga.
Zuwera wata takwas.
'Yan mata huɗu masu dako suna kwana bayan injin niƙa,
babu sunansu a ko'ina, sai nan.
Da shi aka yi aiki daren nan.
Ladan ya bar kiran salla ya kira sunaye.
Samari suka ɗaure igiya daga falwaya zuwa falwaya,
muka bi ta kamar shanya.
Madam Akwele ta buɗe benenta,
ba ta tambayi wa ke salla, wa ke coci ba,
ta ce dai a cire takalmi,
sai ta tuna ba mai takalmi, ta fashe da dariya.

Jiya a rediyo na ji ana yabonmu:
mutanen Nima, masu juriya.
Na kashe.
In ka ji ana yabon ƙarfin jaki,
mangala ce za a ƙara.
Juriyarmu ba ta yashe kwata,
igiyarmu ba gada ba ce.

Mun kwafe littafin Lamisi, shafi shida,
mun kai ofis ranar Talata.
Mun ce a yashe kafin damina, ba bayanta ba.
A ƙirga mai kwana a ɗaki, ba mai takardar ɗaki ba.
Aka buga hatimi. Aka ce an ji.

Na wanke keke da kananzir, yana tari amma yana ɗinki.
Gawayin yana nan kan taga.
Ɗazu Awudu ya auna da hannunsa
daga zanen bana zuwa kwano.
Ya ce, "Mama, saura taƙi ɗaya.
Na baɗi a ina za ki ja?"