Littafin Bashi

An ɗaure farin ƙyalle a bangon firamaren Gyallesu,
janareta ya yi tari sau uku kafin ya kama.
Na raɓe can baya, hula ta sauko mini goshi.

Ga Ɗayyabu Tsinke, fuskarsa ta cika bango.
Yara suka yi sowa tun bai buɗe baki ba,
suna jiran ya kwaikwayi tafiyar kansila
ko ya yi wa akuya huɗuba.
Bai yi ba.
Ya ce, "Shekara shida ina ba ku dariya,
ban tuna ranar da na yi tawa ba."

Aka nuno ƙarƙashin gadar Kwangila,
kwalabe a zube cikin kwata.
Mai ɗaukar hoto ya ce, "Wa ke sayar maka?"
Yawu ya tsaya mini a maƙoshi.
Ya sosa ƙeya. "Wani bawan Allah ne."

Ni ne bawan Allahn.
Maganin tari ga wanda ba ya tari,
biyu bayan isha'i, uku in ya yi wasan biki,
in ƙulle a baƙar leda, in ce ya gaida gida.

Wata takwas na gumi da amai a ɗakin yayarsa,
fim ya haɗiye su cikin minti biyu.
Sai ga shi a Ƙofar Doka bisa bencin mai shayi,
riƙe da kan famfon da ya kwance daga gidansu,
yana murɗa shi a bakin lasifika:
"Ku yi tsit, ku ji alkawari na zuba!"
Aka fashe da dariya, aka kuma bi shi
da busassun jarkoki har sakatariya.
Kwana huɗu a hannun 'yan sanda,
ya fito yana tambaya ko an kawo ruwa.

Da aka kunna fitila ya bi layi yana gaisawa.
Hannunsa ya daina rawa, na lura.
"Alhaji, ina sane da dubu sha ɗaya da ɗari huɗu."
Na ce na yafe.
Ya ce, "Kar ka yafe. Ka fito Asabar da jarka."

Yanzu dare ya raba, kemis a rufe,
littafin bashi buɗe a cinyata,
sunansa sau talatin da bakwai da rubutuna.
Me zan cika, me zan ɗauka?
Gidana akwai burtsatse,
kuma na san kuɗin da suka haƙa ta.