Maɗori Ya Ji Labarin Sama

Tabawa ta dawo daga sha-ka-tafi
da warin magani a mayafinta,
ta ce, Baba, ka ji abin da aka faɗa a rediyo?
Wai akwai mutane can bisa gajimare
cikin wani ɗaki mai kewaya duniya,
ba ƙasa, ba rufi, ba gabas tsayayyiya.
Da kansu suke huda jijiyarsu,
in ɗigon jini ya kuɓuce sai ya dunƙule kamar ɗan kanya,
ya tsaya a iska yana kallonsu.

Na ajiye karan ɗorin da nake gyarawa.
Na ce, me suke nema?
Ta ce, ƙashi.
Nasu ne ke zagwanyewa a can,
ba faɗuwa, ba targaɗe, ba sammu,
don kawai babu nauyin da zai ɗauka.
Sukan ɗaure ƙugu da igiya su yi ta gudu a wuri guda,
su auna fitsari, su rubuta,
ko a gano abin da ke cin ƙashin tsofaffi.

Shekara arba'in da ɗaya ina ɗori a Katanga.
Ni na haɗa ƙafar Jatau da amalanke ya taka,
da cinyar Cindo ranar da reshen ɗinya ya yaudare shi.
Kullum maganata ɗaya: kwanaki sun cika, tashi ka taka.
Taka ko da kuka,
ƙashin da aka cika lallaɓawa ba ya ƙwari.
Haka ubana ya ce, bai ce don me ba.
Ashe sai an hau sama za a tambayo dalili.

To amma uwarki fa, Tabawa?
Ita da ta ɗauki tulu, ta ɗauki itace,
ta ɗauki ciki tara,
ga ta kwance, ƙugu ya rududduge kamar tsohuwar ƙwarya.
Na ɗora, ya ƙi.
Nauyi kam ta ɗauka. Me ya cinye ta?

Bayan isha'i yarinyar ta nuna mini shi,
tauraron da ba ya ƙyaftawa,
yana sauri kamar wanda ya makara kasuwar Shuwarin,
ya bi ta kan kuka, ya ɓace wajen Dutse.
Ban ɗaga masa hannu ba.
Na dai ce a raina, ku auna da kyau, 'ya'yan mutane,
in kun samo, kada ya tsaya a birni.
Akwai hanya daga Kiyawa, ta burji ce,
babur na shiga ko da damina.

Na koma ɗaki in juya ta ɗaya gefen,
na ji ta sakayau a hannuna
kamar ita ma ta fara tashi.