Kofi Biyu a Gidan Dogara

La'asar sakaliya, ranar Asabar,
na sauka daga adaidaita a Sabon Gari
da na'a-na'ar 'Yankaba ƙunshe a leda,
da lemun tsami huɗu masu santsin baya.
Ƙanƙara kuwa sai gidan Maman Rifkatu,
ita kaɗai ke da janareta a layin.

Dogara na nan inda na bar shi wancan makon,
kujerar roba, rediyo a cinya,
hannun damansa na rawa ba makaɗi.
Ya ce, Ilu, ka makara.
Na ce, tun muna otal kake faɗin haka.

Shekara ashirin da shida muka yi bayan kanta ɗaya,
farar riga, baƙin wando, tawul a kafaɗa.
Shi ke haɗa wa Turawan masaƙa,
ni ina yanka lemo, ina goge tambulan,
har hannuna ya haddace
abin da harshena bai taɓa sani ba.

Ganye takwas.
Ba a kirɓa shi kamar daddawa,
danna shi ake da bayan cokali,
a hankali, kamar mai tashin jika da asuba,
ya saki ƙamshi, ya riƙe ɗacinsa.
Lemo kuma a murza shi a kan tebur
har ya sauko daga fushi, sannan wuƙa ta shiga.
Sukari tun jiya Dogara ya sa aka narka,
awo ɗaya na ruwa, awo ɗaya nasa.
Wanda ya zuba tsaba, yashi zai tauna.

Gwangwanin girgizawa ya bi ambaliyar bara,
tsohuwar kwalbar bama ce ta gaje shi.
Nawa nake fara yi,
tun kafin ta ɗauki warin nasa.

Daga nan sai in ja da baya.
Kwalbar jin tana bayan buhun masara.
Ba na taɓa ta,
shi ma bai taɓa cewa in miƙo ba.
Da hannu biyu yake ɗaukowa,
wuyanta na ƙwanƙwasar bakin awo
kamar haƙoran mai zazzaɓi.
Rabi ya shiga, rabi ya malala.
Ya ce, teburin ma ya yi ritaya, bar shi ya sha.

Abin dariya, abin kuka:
hannun da ke girgiza dare da rana,
girgizawa ce ta gagare shi.
Sai in karɓa, in ɗaure murfi,
in ɗaga daidai kunnena na hagu.
Ba agogo nake kallo ba, sauraro nake:
da fari ƙanƙara na faɗa kamar tsakuwa a gwangwani,
can sai muryarta ta dushe,
kwalba ta yi gumi, yatsu su mutu.
Ya nuna ke nan.
Ko wannan ma yana cikin littafina,
na bar wa Mai lissafi.

A tace da rariyar shayi.
Ganye ɗaya a tafi, a tafa masa sau ɗaya,
a kwantar da shi a kan ruwa.

Ya kurɓa, ya rufe ido.
Na san ya koma bakin kwamin wanka,
inda fitilu ke iyo, ana kiransa da yatsa.
Ya buɗe, ya dubi kofina.
Ya ce, naka dai har yau ba jin.
Na ce, wa ya gaya maka?
Ina jin sanyi, ina jin tsami,
ina jin ka.

Muka yi shiru, ƙanƙara na narkewa.
Muka ƙirga waɗanda suka rage cikinmu,
yatsun hannu ɗaya suka yi mana yawa.

Da na jiyo kiran magariba daga wajen Fagge,
na ɗauraye kofuna, na kife.
Ya ce, wani makon ka zo da wuri.

A bakin famfon masallaci na kai ruwa fuskata,
sau uku,
na'a-na'a ba ta bar tafina ba.