Talatin da Uku

Ranar da bakanike ya ɗaga a-kori-kurata inci huɗu
sai tsofaffin tayoyin suka zama abin dariya,
kamar ƙato ya zura silifas ɗin jikansa.
Haka na tuƙa ta, ina sunne kai, har Kwangila.

Shagon Barau na daura da gada,
taya bisa taya, baƙaƙe wuluk, sun yi hasumiya,
warin roba da zafin rana sun cika hanci.
Na nuna ta can ƙoli, talatin da biyar,
mai haƙora irin na kada.
Na ce, waccan.

Bai ko ɗaga kai ba.
Ya ce, me take ja?

Na ce rake, daga fadamar Galma,
tirela shaƙe, wani sa'in har da injin ban-ruwa.
Ran da tarakta ta mace a Dakace ma, ni aka kira.

Ya ce, abincinta laka ne ko kwalta?
Na ce da laka take karyawa,
kwalta sai da yamma.

Sannan ya miƙe.
Hannunsa na dama yatsu uku ne,
biyun wani rim ya tafi da su tun yana yaron shago.
Ya cusa ukun tsakanin taya da ƙarfe,
ya ce murɗa sitiyari, murɗa har ya ƙure.
Na murɗa. Ya yi tsaki.

Waccan da idonka ke so, in ji shi,
tana cinye ƙarfin inji tun ba a ɗaura kaya ba.
Giya ɗaya ta koma kamar biyu,
a hawan gaɓar kogi kuloci ne zai biya bashin,
ƙaurinsa zai riga ka isa gida.
Ka taka birki a Agoro, da tirela a bayanka,
sai Ƙofar Doka ta ga damar tsayawa.
Allurar gudu ta koyi ƙarya,
ta ce maka tamanin alhali ka doshi casa'in.
'Yan gidan mai kuwa, har sunan 'ya'yanka za su haddace.

Na ce, to a bar ni da ƙananan.

Ya yi dariya, irin wadda ba ta fita baki.
Jira Agusta.
Cikin motar ya zauna daram a kan tudun hanya,
tayoyi huɗu na juyi suna feshin taɓo,
samarin ƙauye a gindin mangwaro
suna lissafin kuɗin turi.

Ya mirgino wata daga lungu,
ba doguwa ba, ba gajera ba, mai faɗin kafaɗa.
Talatin da uku, ninki goma.
Ya tofa yawu, ya goge gefenta da babban yatsa
har lambar nauyi ta fito.
Nan ake karanta taya, in ji shi.
Tsawo na 'yan kallo ne.
In ka shiga fadama rage mata iska,
in ka hau titi da kaya mayar mata da abinta.

Na ƙirga kuɗin huɗu.
Ya ce biyar.
Safayar da ba ta kai 'yan'uwanta ba
gurguwar ƙafa ce ka saya wa kanka a daji.

Damina biyu ke nan.
Rake na fita, kuloci na nan da ransa,
ba wanda ya ci ko sisina na turi.

Amma ban ɓoye ba:
waccan ta ƙoli, wani yaro ya saye ta.
Ina ganinsa a Samaru da la'asar,
bayan motar fayau, ko buhu ɗaya babu,
tana tafe tana gurnani, kowa na waiwaye.

Nima nakan waiwaya.