Rawaya a Kan Toka

Bayan gobarar daji ta lashe gefen Kufena,
ƙasa ta yi baƙi kamar gindin tukunya,
sai ga ta nan, ba ganye, ba reshe,
fure kawai, zaune daram a kan toka,
kamar wani ya yar da gwaiduwar ƙwai ya wuce.

Baba Jatau ya tsuguna, ya ce, "Rawaya ke nan.
Ba ta jiran damina. Wuta ke tashinta daga barci."
Na buɗe littafi ina laluben sunanta na boko,
suna mai tsawo kamar zuwa Shika a ƙafa.
Ya ce, "Rubuta abinki, 'yata.
Ko kin kira ta da shi ba za ta amsa ba."

Ya sa dagi ya tona.
Saiwar ta fito da kauri kamar rogo,
ya ɓantare ta da farce, ta rina masa yatsu.
Rabi ya miƙo mini,
rabi ya mayar rami, ya danne da diddige.
"Wanda ya kwashe duka bana,
baɗi sai dai ya jiƙa labari ya sha."

A Samaru na shanya ta a inuwa kwana tara,
na daka, na auna, na jiƙa a sinadari,
kwalba ta yi kalar shayin da aka manta a kan wuta.
Sau uku lantarki na ɗaukewa ina tsakar tacewa,
sau uku ina zaune a duhu
ina sauraron ɗis, ɗis, a gindin mazurari.
Lantana mai shara ta leƙo da tsintsiya a hammata:
"Malama, har yau miyar nan ba ta nuna ba?"

Ranar wata Laraba na ɗiga ɗigo ɗaya a farantin gilashi,
na jingine shi cikin ruwan gwaji, na zuba ido.
Launi ya soma hawa kamar tururuwa a bango.
Abin da na ɗauka abu guda ne
ya rabu gida bakwai.
Wani ya yi gaba bai waiwayo ba,
wasu suka cunkushe a tsakiya,
ɗaya kuwa ya ɓuya inda na ajiye shi,
sai da na haska masa fitilar duhu
sannan ya yarda yana nan.

Wata biyar ina rarraba su,
kowa da kwalbarsa, kowa da lambarsa.
Na gwada su ɗai-ɗai a kan ƙwayoyin cuta.
Na biyu ya ɗan taɓuka.
Na huɗu ko gezau.
Amma ruwan farko, gurɓataccen nan da ban raba ba,
shi ya share fili ya bar su a baya.
Na sake lissafi har ido ya yi mini yaji,
amsa tana nan inda take.

Na hau mota zuwa Bomo da takarduna a jaka.
Na same shi ƙarƙashin ɗorawa yana gyaran ƙota.
Ya saurara har ƙarshe, ya yi dariyar da ta zama tari:
"Kin raba 'yan ɗaki ɗaya,
kin tura kowa gona shi kaɗai,
kin dawo kina mamakin ƙarancin dami."
Ban sa wannan a rahoto ba.
Na rubuta cewa ana buƙatar ƙarin bincike.

Furen yana nan a ɗakin adana tsirrai,
matse tsakanin tsofaffin jaridu,
ya koɗe, ya yi laushi kamar fiffiken fara.
Takardar shaida ta ce: wanda ya samo.
Layin gajere ne, sunana ya cinye shi,
sai na karkata biro na sa nasa a gefe,
ƙanana, yana hawa sama.

Yau kwana goma ina wanke hannu da sabulu,
rawayar ba ta fita daga ƙarƙashin farcena ba.